Ilimin halittu ya koma kan kwamfuta: Wa zai koyar da malaman jami'a?

Suleja, Jihar Neja — A ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da ɓullar cutar korona a Najeriya, a jikin wani ɗan ƙasar Italiya da ya sauka a Legas. Cikin 'yan kwanaki, masana a cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede a Jihar Osun, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Christian Happi, suka karanta dukkan jerin haruffan gado na ƙwayar cutar, kusan haruffa 30,000. Wannan shi ne karo na farko da aka yi hakan a nahiyar Afirka.

Na'ura ce ke karanta haruffan, amma abin da take fitarwa tarin rubutu ne da ido ba zai iya tantancewa ba. Sai an sami wanda zai kwatanta shi da na ƙwayoyin cutar da aka gani a wasu ƙasashe, ya gano inda ta fito da irin sauyin da ta yi. Wannan aiki shi ake kira bayo'infomatiks, wato nazarin bayanan halittu ta hanyar kwamfuta da lissafi. Gadon kowane mai rai an rubuta shi ne da sinadarai huɗu da ake wakilta da haruffa huɗu, kuma na ɗan Adam ya kai kimanin haruffa biliyan 3. Aikin karanta shi na farko ya ɗauki daga 1990 zuwa 2003. A yau ana yin irinsa cikin kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa bayanai suka yi wa masu nazarinsu yawa.

Amfaninsa ya bayyana a gida tun kafin korona. Lokacin da zazzaɓin Lassa ya yi ƙamari a 2018, an ji tsoron ko ƙwayar cutar ta sauya ta fara yaɗuwa cikin sauri tsakanin mutane. Nazarin haruffan gadonta ya nuna cewa akasarin masu cutar daga ɓeraye suka ɗauka, abin da ya faɗa wa jami'an lafiya inda ya kamata su sa ƙarfi.

Tambayar ita ce, ɗalibin da ya tashi daga Suleja ya tafi karatun ilimin halittu a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, ko Jami'ar Ibrahim Badamasi Babangida da ke Lapai, ko Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, wa zai koya masa wannan fanni? Da yawa daga cikin manyan malaman da ke riƙe da sassan ilimin halittu a faɗin duniya sun yi nasu karatun ne a zamanin da aikin ya tsaya a kan madubin hangen ƙananan halittu da kwalaben gwaji. Sun ƙware a fanninsu, amma ba a koya musu rubuta umarni ga kwamfuta ba, kuma mutum ba ya bayar da abin da ba shi da shi.

Wannan matsala ba ta Najeriya kaɗai ba ce. A Amurka, wata ƙungiyar malamai mai suna NIBLSE ta tuntuɓi malaman ilimin halittu fiye da 1,200, inda kusan dukkansu suka yarda cewa ya kamata a koyar da fannin tun a digirin farko. Da aka tambaye su abin da ke hana su, cikas ɗin da suka fi ambata shi ne rashin horon malamin kansa. Idan haka lamarin yake a inda wutar lantarki da intanet ba sa yankewa, to mai tunanin cewa sayo kwamfutoci kaɗai zai warware matsalar a nan gida ya sake lissafi.

Afirka ta riga ta gwada wata hanya da ta yi aiki. A 2012 aka kafa H3ABioNet, wata haɗakar cibiyoyi da Farfesa Nicola Mulder ta Jami'ar Cape Town ta jagoranta, a ƙarƙashin shirin H3Africa na binciken gadon ɗan Adam. Najeriya ta sami rassa, ciki har da na Jami'ar Covenant da ke Ota da na hukumar bunƙasa fasahar halittu ta ƙasa, NABDA, a Abuja. A 2016 haɗakar ta buɗe kwas na share fage na wata uku, da azuzuwa 20 a ƙasashe 10. Ƙwararru suna gabatar da darasi ta intanet, yayin da mataimaka da aka horar a kowace cibiya suke zama da ɗalibai suna yin atisaye. Hikimar tsarin tana ga waɗannan mataimaka: bayan an kammala kwas, su ne ke saura a wurin da iliminsu. Sai dai tallafin H3Africa na shekara goma ne, kuma daga waje ya zo. Kayan aro kuwa, in ji Bahaushe, ba ya rufe katara.

Jihar Neja ba ta rasa dalilin shiga wannan fage ba. A Minna akwai cibiyar ACEMFS mai binciken gubar da funfuna ke bari a cikin masara da gyaɗa, ɗaya daga cikin cibiyoyin ƙwarewa da Bankin Duniya ya tallafa wa. A Badeggi akwai Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa, wadda ta shahara a kan shinkafa. Gano nau'in funfuna mai guba, ko zaɓo irin shinkafa mai jure cuta, duk aiki ne da ke ƙara dogara ga karanta haruffan gado. Cibiyoyi irin waɗannan sun fi mayar da hankali ga masu digiri na biyu da na uku, alhali tushen yana can ƙasa, a aji biyu da aji uku na jami'a.

Ba sai an jira buɗe sabon sashe ba. Manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a Disambar 2022 ta tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da ita. A nan ne malamin da ya sami horo zai iya saka darasi na mako biyu ko uku cikin kwas ɗin da ya saba koyarwa.

Misali mafi kusa shi ne cutar sikila, wadda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu fama da ita. Malami zai iya sa ɗalibai su sauko da jerin haruffan sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini daga rumbun GenBank, na mai lafiya da na mai sikila, su jera su da manhajar BLAST. Za su gani da idonsu cewa harafi ɗaya tak ne ya sauya, a gurbi na shida na sinadarin, kuma shi ne sanadin duk wahalar da suke gani a gidajensu. Rumbun da manhajar duk kyauta ne, kuma ƙaramar kwamfuta mai intanet ta isa. Darasi ne na sa'a biyu, amma sai malamin ya taɓa yin sa da hannunsa kafin ya tsaya gaban aji mai ɗalibai ɗari biyu.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne salon horon. Taron bita na kwana uku a otal, a raba takardar shaida kowa ya watse, ba kasafai yake sauya abin da ke faruwa a aji ba. Shirin Genomics Education Partnership, wanda Farfesa Sarah Elgin ta kafa a Jami'ar Washington da ke St. Louis a 2006, ya bi wata hanyar daban: a horar da malami, a ba shi darussa shiryayyu da ainihin bayanan bincike da ɗalibansa za su yi aiki a kai, sannan a bar shi cikin ƙungiyar takwarorinsa da zai tuntuɓa idan ya maƙale. Irin wannan tsari ba ya buƙatar sabon gini. Yana buƙatar a rage wa malamin nauyin wasu darussa na zango guda, a samar masa da wuta da intanet, kuma a lissafa wannan ƙoƙari lokacin ƙarin girma, wanda a halin yanzu ya fi karkata ga yawan maƙalun da aka wallafa. Waɗannan kuwa hurumin majalisun jami'o'i ne da asusun TETFund, wanda dama yake ɗaukar nauyin horon malaman manyan makarantun gwamnati.