Gudawar da ta ƙi tsayawa: yaushe za a je gwaji?

'Yan uwa, a unguwanninmu na Parakou da Djougou mun saba in ciki ya ɓaci sai mu sayi ƙwaya a kasuwa mu haɗiye. Gudawa ta yau da kullum kan tsaya cikin 'yan kwanaki. Wadda ta kai kwana 14 kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukarta mai naci, kuma sau da yawa tsutsar ciki ce ko wata cuta da sai gwajin bayan gida ke nuna ta.

Mu riƙa ƙirga kwanaki. Kafin a je asibiti, a ba majinyaci ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Uwa kada ta daina shayarwa.

Amma in an ga jini a kashi, ko zazzaɓi, ko idanu sun faɗa, ko yaro ya kasa sha, kada a jira kwana 14. A kai shi babban asibitin CHUD na Parakou ko asibitin Ordre de Malte na Djougou a ranar.

Neman magani baya kore tawakkali. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.