Wayar Ƙasa Ba Ta Shanye Sautin Jita

Wani saƙon murya na yawo a zaurukan WhatsApp na makaɗan jita da masu ba da hayar kayan sauti, an ma fassara shi zuwa Faransanci don 'yan'uwa na Yamai da Agadas. Mai maganar, wanda bai faɗi sunansa ba, yana koyar da "sirrin" tsofaffin amfilifa masu kwalba, irin su Fender da Marshall da Vox da kan shigo jefi-jefi cikin kayan gwanjo. Yawancin abin da ya lissafa shirme ne da ba ya cutar da kowa. Guda ɗaya kuwa yana iya kashe mutum.

Ya ce wai a kwance filogi a cire wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, domin ita ke kawo gurnanin nan da ke fita daga sifika, kuma tana "shanye" daɗin sautin. Hujjarsa ita ce a zamanin da aka ƙera waɗannan na'urori filoginsu ƙafa biyu ne, kuma da su aka yi kiɗan da duniya ke yabo har gobe.

Batun ƙafa biyu akwai gaskiya a cikinsa. Amfilifar Amurka ta shekarun 1950 da 1960 haka take fitowa daga masana'anta. A maimakon wayar ƙasa, akwai wani ƙaramin kafasito da ke haɗa layin wuta da farantin ƙarfen da aka ɗora komai a kansa, da maɓallin da makaɗi ke juyawa har gurnanin ya ragu. Abin da mai saƙon bai faɗa ba shi ne wannan kafasiton ya yi shekara sittin yanzu, kuma ranar da ya lalace ya haɗe, wutar soket ɗungurungum za ta hau kan farantin. Masu gyara a Amurka laƙabin mutuwa suka yi masa, kuma cire shi da sa waya mai ƙafa uku shi ne aikin farko da suke yi wa tsohuwar amfilifa.

To mene ne ya haɗa makaɗi da farantin? A cikin kusan kowace jita mai lantarki akwai wata siririyar waya da ke haɗa tsirkiyoyin ƙarfen da igiyar da ke zuwa amfilifa, igiyar kuma tana haɗe da farantin. Da gangan aka yi haka, shi ya sa ƙara ke raguwa idan ka ɗora hannu a kan tsirkiya. Ke nan duk abin da ke kan farantin yana tafin hannunka na hagu. Idan wuta ta hau shi alhali akwai wayar ƙasa, nan take za ta bi ta can, fis ya ƙone, kiɗa ya tsaya, a yi tsaki a nemo wani fis. Idan babu, za ta jira hanya. Hanyar ita ce leɓenka a kan makirfo, ko ƙafarka babu takalmi a kan siminti mai laima. Daga hannu zuwa baki ko zuwa ƙafa, ta ƙirji za ta ratsa, kuma abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfa guda ba ya isa ya rikita bugun zuciya. Wutar ma tana iya ƙanƙame yatsu a kan tsirkiya ta yadda mutum ba zai iya saki ba.

Wannan ya faru da mutane sanannu. A Disamba 1965 wuta ta jefar da Keith Richards na Rolling Stones a kan dandamali a Sacramento, sa'ad da jitarsa ta taɓa sandar makirfo. Shi ya rayu. Leslie Harvey na ƙungiyar Stone the Crows bai rayu ba: a Mayu 1972, a Swansea, ya taɓa makirfon da ba a haɗa da ƙasa ba, wuta ta kashe shi a gaban 'yan kallo. A 1976 Keith Relf, mawaƙin Yardbirds, ya mutu a gidansa yana kaɗa jita. Zamanin da mai saƙon ke kewa ke nan. Kuma Richards wutar Amurka ce ta ja shi, mai ƙarfin bolt 120 ko ƙasa da haka. Tamu ta Najeriya da Nijar 220 ce zuwa 230.

Ba na ganin laifin yaron da ya gwada ya kuma gaskata, don sau da yawa gurnanin yakan tafi da gaske. Idan amfilifa na jone a soket ɗaya, na'urar haɗa sauti a wani, igiya kuma ta haɗa su, wuta 'yar kaɗan kan zagaya tsakanin wayoyin ƙasan biyu, ita ce kunne ke ji. Ga biki ya cika, ga dangin ango na harara, an cire waya ƙara ta ɗauke, wa zai yi musu? Amma wannan kamar a cire wa mota birki ne don yana kuka. Maganin yana da araha: a jona duka kayan a tushe guda, ko a sa ƙaramin akwatin nan na DI a igiyar sauti, wanda ke da maɓallin raba ƙasa ba tare da an taɓa wayar wuta ba. In gurnanin bai tafi ba, galibi manyan kafasiton tace wuta ne suka bushe don tsufa. Shi kuwa wanda ya naɗi saƙon da muryar malanta, ya san sunan kowace kwalba amma ya kasa ambatar wannan haɗari, ba shi da uzuri.

Maganar shanye sauti kuma ba ta da tushe. Sautin jita ta kwalabe da taransifoma da sifika yake bi. Wayar ƙasa ba ta cikin hanyarsa.

Sauran abin da ya faɗa a taƙaice. Wai taɓa kwalba da hannu na kashe ta: wannan dokar ƙwan halojin ce, a nan zafi kawai za ka kiyaye. Wai azurfar da ke saman kwalbar zaiba ce mai tsada: bariyum ne da ake sawa don ya tsotse ragowar iska, in ya koma fari iska ta shiga kwalbar ta mutu, kuma babu zaiba a kwalabe irin 12AX7 ko 6L6 ko EL34. Wai an daina ƙera kwalabe: ana yi a Rasha da Sin, da kamfanin JJ a Silobakiya. Wani abu da ya faɗa daidai shi ne kada a kunna irin wannan amfilifa ba a jona sifika ba, don taransifomar fitar sauti na iya ƙonewa.

Ko tsohuwa ta fi sabuwa daɗi? Wannan kunne ke yankewa, kuma kunnuwa ba su taɓa haɗuwa ba. Fender Bassman ta 1959 ita Jim Marshall ya kwaikwaya ya fitar da JTM45 a 1962, kusan zane ɗaya, amma da sifika da kwalabe daban, sai sautin ya bambanta. Biyu ma 'yan shekara ɗaya ba sa yin daidai bayan tsufa. Tambarin da ke goshinta ba zai gaya maka komai ba sai ka jona jitarka ka saurara.

Wanda ya riga ya cire wayar, ya mayar da ita kafin wasa na gaba. Kada ya buɗe cikin amfilifar da kansa, domin kafasitonta na iya riƙe bolt 400 ko fiye ko bayan an zare filogi. A kai wa mai gyaran da ya san kwalba. A sa mai wayarin ya auna soket ɗin da mita, don ƙafa uku ba ta da amfani idan gidan ko janaretan ba shi da ƙasa, haka ma taransifomar rage wuta mai huda biyu da ake sa wa amfilifar Amurka. Wanda kuma ya tura saƙon gaba, don Allah ya koma zauren ya janye shi.