Baƙin Hankaka, Aminin Wadannin Dutse

Hankakan da masana ke kira Corvus corax ya fi hankakan ƙasar Hausa girma, kuma babu farin ƙirji a jikinsa, domin baƙi ne wuluk tun daga baki har wutsiya. Yana zaune a Turai da Asiya da Arewacin Amurka, faɗin fikafikansa ya haura mita ɗaya, yakan yi sheƙa a kan tsauni, sannan namiji da mace sukan zauna tare har mutuwa ta raba su.

A fagen ƙagaggun labarai an haɗa shi da wadanni, wato gajerun mutanen tatsuniyoyin Arewacin Turai, maƙera masu haƙar ma'adinai a ƙarƙashin ƙasa. Snorri Sturluson, masanin Aisilan da ya rubuta Edda wajen shekarar 1220, ya ce wadanni sun fara ne a matsayin tsutsotsi cikin naman ƙaton nan Ymir, kafin alloli su ba su hankali da siffar mutum. Daga tsoffin waƙoƙin yankin J.R.R. Tolkien ya ɗebo sunayen wadanninsa, kuma a littafinsa The Hobbit na 1937 ya ƙulla amana tsakaninsu da hankakin dutsen Erebor. Tsohon hankaka Roäc, mai shekara 153, shi ya kai wa shugaban wadannin, Thorin, labarin mutuwar dodo Smaug, kuma hankaki ne suka kai saƙon neman gudummawa ga danginsa.

Shekarun Roäc ƙirƙira ce, tunda hankakan daji ba kasafai yake wuce shekara 15 ba, amma sauran siffofin suna da tushe. Yakan binne rarar nama ya tuna wurin, ya kuma sauya maɓoya idan ɗan'uwansa ya gan shi, halin da ya dace da al'umma mai kishin taskarta. Ana cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, sai dai wannan, idan aka raine shi a hannu, yakan kwaikwayi muryar mutum.

Bahaushe ya yi wa nasa hankakan kirari da mai da ɗan wani naka, wato ya ɗora masa zargin ƙwace, alhali mutanen Arewacin Turai sun ɗauki nasu a matsayin manzo, har suka ba ubangijinsu Odin hankaki biyu masu kawo masa labarin duniya. Wayon tsuntsun ɗaya ne, kowace al'umma ta fassara shi gwargwadon abin da take tsoro ko take buƙata.