Sarƙar babur ba ta son tsauri

Wanda ya san hanyoyin Dakoro zuwa Bermo ko Birnin Lalle ya san abin da rairayi yake yi wa babur. Yashi ya haɗu da man da aka ɗiga wa sarƙa, ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, yana cin sarƙar da haƙoran da take hawa. Kafin a jima sai ta saki, ta fara kaɗa murfi.

A nan ne ƴan kabu-kabu da yawa suke kuskure. Da sun ji ƙarar sai su ce wa bakanike: "Maigida, ɗaure ta tam!" Alhali tsaurin ya fi sakin ɓarna. Idan aka aza buhun hatsi da fasinja, bayan babur yakan sauka, sarƙar ta ƙara miƙewa. Wadda ba a bar mata wurin motsi ba sai ta riƙa jan ƙarfen giya, ta lalata boris, wani lokaci ta tsinke a tsakiyar daji.

Ga yawancin ƙananan babura, sakin santimita 2 zuwa 3 ake so. A kafe babur bisa tsayuwar tsakiya, a taɓa sarƙar ta ƙasa daidai rabin tsawonta, a ɗaga a sauke. A juya taya a gwada wurare dabam-dabam, domin tsohuwar sarƙa ba ta saki bai ɗaya, kuma inda ta fi tsauri da shi ake aiki.

Sai daidaita ƙafar baya. Bayan an sassauta babban noti, akwai ƙananan notuna biyu, dama da hagu, da zane-zane a jikin ƙarfen kusa da su. Duk juyin da aka yi wa ɗaya don gyara sakin sarƙar a yi wa ɗayan. In an ja gefe guda kawai, ƙafar ta karkace: taya ya cinye ta ɓangare ɗaya, babur ya riƙa fizgar mai shi cikin yashi. Idan zanen ya goge, a miƙa igiya daga tayan baya zuwa na gaba ta kowane gefe. Tazarar da ke tsakanin igiyar da tayan gaba ta zama ɗaya.

In an gama a ɗaure babban notin, a sake gwada sakin, sannan a duba birkin baya, don matsar da ƙafa yakan canza shi. Sarƙar kuma a wanke ta da kananzir kafin a sa mata mai kaɗan. Wanda haƙoran babur ɗinsa suka yi tsini, ya sauya su tare da sarƙar, kada ya sayi ɗaya ya bar ɗaya.