Shinge Bai Hana Kunkurun Hamada Raguwa Ba

A hamadar Mohabi, kudu maso yammacin Amurka, akwai wani irin kunkuru wanda yakan yi shekara 50 ko fiye a duniya, galibinsu kuwa a cikin rami, don gudun zafi da sanyi. Tun cikin 1990 gwamnatin ƙasar ta sa shi cikin dabbobin da doka ta tsare, aka keɓe masa gandaye. Wani gandun ma, a Jihar Kalifoniya, an kewaye shi da waya saboda dabbobin kiwo da motoci.

Duk da haka, ƙidayar hukumar kula da namun daji ta nuna cewa tsakanin 2004 da 2014 manyan kunkuran sun ragu da wajen kashi ɗaya cikin uku.

Dalili kuwa, waya ba ta tare abin da ke tashi sama. Hankaki sun yawaita saboda jujin garuruwa, su ne ke fasa ƙoƙon 'ya'yan kunkuru tun yana da taushi. Ga fari, ga ciwon numfashi mai yaɗuwa. Macen kuma sai ta shekara 13 zuwa 20 kafin ta fara ƙwai, watau kowace ta mutu, cike gurbinta sai an daɗe.

Saboda haka ma'aikata ke renon ƙananan a killace har ƙoƙonsu ya yi ƙwari, sa'an nan su sake su. Cikin 2024 Kalifoniya ta ayyana shi cikin dabbobin da ke gab da ƙarewa. Muddin ba a rufe juji ba, hankaka zai ci gaba da tsallake shinge.