Fistol a Motar Kwana: Abin da Dokar Amurka ta Ce

Musu ne ya kaure a ɗakinmu wata Juma'a da daddare. An ɗauke wuta, mun taru kan waya ɗaya muna kallon bidiyon wani Ba'amurke da ke yawo cikin mota mai gado da murhu, yana kwana duk inda dare ya yi masa. Can sai ya zaro ƙaramar bindiga daga ƙarƙashin matashi ya nuna wa kyamara. Abokinmu da ke neman gurbin ƙaro karatu a Amurka in ya gama HND ya buga cinya ya ce, "Kun gani ko? Wallahi ina sauka, fistol zan fara saya." Aka yi dariya. Ni dai jikina ya yi sanyi, don ina da ɗan kawu a Houston ta jihar Texas wanda ke da irin wannan motar, kuma na sha jin yana ƙorafi kan wahalar da dokokin bindiga ke ba shi duk lokacin da zai fita da iyalinsa hutu. Washegari na kira shi, na ce Yaya, zauna ka warware min. Daga nan na bi dokokin da ya ambata ɗaya bayan ɗaya na karanta. Ga abin da na samo.

Gaskiya ne kundin tsarin mulkin Amurka ya ba ɗan ƙasa 'yancin riƙe makami, a gyara na biyu da aka amince da shi a 1791. A 2008, a shari'ar Heller, Kotun Ƙoli ta ce wannan 'yancin ya haɗa da ajiye ƙaramar bindiga a gida don kare kai. A 2022, a shari'ar Bruen, ta ce 'yancin ya bi mutum har wajen gida. To amma yadda za ka ɗauke ta, da inda za ka ajiye ta a mota, da wuraren da ba za ka shiga da ita ba, kusan duk wannan a hannun jihohi yake, kuma jihohin nan 50 ne. Zuwa 2024, jihohi 29 sun yarda babban mutum ya riƙe fistol ba tare da lasisi ba. Sauran sai da lasisi, wasu kuma irin su California da New York da New Jersey ba su san da zaman lasisin wata jiha ba.

Kar ka ɗauka wannan magana ce ta takarda kawai. A 2013 wata mata mai suna Shaneen Allen, mai 'ya'ya biyu, 'yar Philadelphia, ta tsallaka New Jersey da mota. Tana da lasisin jiharta ta Pennsylvania. Ɗan sanda ya tsayar da ita kan laifin tuƙi, ta faɗa masa da bakinta cewa akwai bindiga a jakarta, ga kuma lasisi. Nan take aka kama ta. Hukuncin da ke jiran ta bai gaza shekara 3 da rabi a kurkuku ba. Sai da maganar ta yi ƙara a faɗin ƙasar, daga baya Gwamna Chris Christie ya yi mata afuwa a 2015. Tsakanin Philadelphia da New Jersey kuwa kogi ɗaya ne, gada kawai za ka hau.

Yanzu ga tambayar da ta fi rikita masu kwana a mota: motar nan gida ce ko mota? Amsar na da nauyi, domin doka ta fi sassauta wa mutum a cikin gidansa. A 1985, a shari'ar California da Carney, Kotun Ƙoli ta ce motar kwana da ke iya tashi a kowane lokaci mota ce, ko da akwai gado a ciki. Saboda haka jami'an tsaro na iya bincika ta ba tare da takardar izinin kotu ba, matuƙar suna da ƙwaƙƙwaran dalilin zargi. Kotun ta bar ƙofa a buɗe ga motar da aka ɗora kan bulo, aka ja mata ruwa da lantarki, ta zama mazauni sosai. Wannan hukunci kan bincike aka yi shi, amma tunanin da ke bayansa na fitowa a dokokin bindiga na wasu jihohi. Misali California: idan kana tafiya, dole fistol ya kasance babu harsashi a ciki, kuma a kulle a but ko cikin akwati mai makulli. Aljihun nan na gaban mota da muke cusa takardu ba ya cikin lissafi. Idan kuma ka yada zango, dokar jihar ta ɗauki wurin a matsayin mazaunin wucin gadi, ta yarda ka ajiye ɗurarriyar bindiga, in dai wata dokar ba ta hana a wurin ba. Gandun dajin da gwamnatin jihar ke kula da su suna cikin wuraren da aka hana. Ka ga mota ɗaya, mutum ɗaya, amma hukuncinsa da rana daban, da dare daban, ya kuma danganta da mai filin da ya kwana a kai.

Ɗan kawuna ya ba ni misali da tafiyar da ya shirya daga Houston zuwa California, kan babbar hanya mai lamba 10. A Texas ba shi da matsala: tun 2007 doka ta yarda a ajiye fistol a mota babu lasisi, tun Satumbar 2021 kuma wanda ya kai shekara 21 na iya riƙe ta a jiki ma. A New Mexico doka ta yarda mutum ya ajiye ɗurarriyar bindiga a motarsa. Arizona ta daina neman lasisi tun 2010. Amma kafin ya hau gadar kogin Colorado ya shiga California, sai ya tsaya gefen hanya, ya zazzage harsasai, ya kulle bindigar. Idan gidan harsashin nasa na cin fiye da 10, shigo da shi jihar ma laifi ne mai zaman kansa. Ya ƙara min da cewa in ka ratse cikin yankunan ƙabilun asali, irin na Navajo, su ma suna da nasu dokokin.

Na tambaye shi, to babu wata dokar tarayya da ke kare matafiyi? Ya ce akwai, amma bargo ne gajere. Dokar 1986 ta ce kana iya ratsa kowace jiha da bindiga bisa sharuɗɗa: halal ce gare ka a inda ka taso da inda za ka, babu harsashi a cikinta, kuma ita da harsasan suna wurin da hannunka ba zai kai ba daga kujera. Idan motar ba ta da but daban, kamar yawancin motocin kwana, sai a akwati mai makulli. Matsalar ita ce dokar mai wucewa take karewa. Wani mutumin Utah mai suna Revell ya gane haka a 2005. Jirginsa ya makara a Newark ta New Jersey, ya ɗauki kayansa ya kwana a otal, da safe ya bayyana bindigarsa kamar yadda ake yi, aka kama shi, ya yi kwanaki a tsare. An janye tuhumar daga baya, amma da ya kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta ce a 2010 dokar ba ta rufe shi ba, tunda bindigar na kusa da hannunsa a daren da ya kwana. To ina ga wanda sana'arsa ke nan, tsayawa ya kwana? Shi ya sa masu hankali cikinsu ke tsara hanya yadda dare ba zai riske su a jiha mai tsanani ba.

Sai maganar filayen gwamnatin tarayya, inda yawancin masu yada zango ke zuwa. Tun Fabrairun 2010 an yarda a shiga manyan gandun dajin ƙasa da bindiga, amma bisa dokar jihar da gandun yake. Yellowstone kaɗai ya ratsa jihohi 3: Wyoming da Montana da Idaho. Kuma izinin ya tsaya a bakin ƙofar gini. Ofishin baƙi ko na ma'aikatan gandu ginin tarayya ne, shiga da makami laifi ne. Riƙewa daban, harbawa daban: a dazuzzukan tarayya an hana harbi a tazarar yadi 150, wato kusan mita 137, daga gini ko wurin zango. Akwai kuma dokar 1990 da ta hana bindiga a tazarar ƙafa 1,000 daga makarantar firamare ko sakandare, kusan mita 305, sai in tana kulle babu harsashi, ko kana da lasisin ita kanta jihar da makarantar take. Baƙon da ya ajiye motarsa a layin makaranta ya yi barci da fistol a ƙarƙashin matashi na iya faɗawa laifin tarayya bai sani ba.

Akwai abin da Yayana ya faɗa wanda muryarsa ta canja a kai, wato lokacin da ɗan sanda ya ƙwanƙwasa gilashi. A wasu jihohi, kamar Michigan da North Carolina, wajibi ne mai lasisi ya sanar da jami'i nan take cewa yana ɗauke da bindiga. A wasu sai an tambaye ka. Ya tuna min da Philando Castile, baƙar fata mai lasisi, wanda a Yulin 2016 a Minnesota ya sanar da ɗan sandan da ya tsayar da shi cewa yana da bindiga, cikin daƙiƙoƙi kaɗan aka harbe shi har lahira a gaban budurwarsa da 'yarta ƙarama. A 2017 kotu ta wanke ɗan sandan. Yaya ya ce, "Ƙanina, ni baƙi ne, ga suna irin namu, ga harshena ya nuna baƙo ne ni. Hannuwana a kan sitiyari suke zama har sai an ce in motsa."

Yanzu bari in dawo kan abokinmu mai shirin sayen fistol. Duk abin da na lissafa a sama na ɗan ƙasa ne da mai takardar zama ta dindindin, irin ɗan kawuna. Kai da za ka shiga da bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana ka mallaka ko riƙe bindiga ko harsashi, sai a 'yan hanyoyi ƙalilan, kamar wanda ya yanki lasisin farauta na wata jiha. Hukuncin na iya kai shekara 15 a kurkuku tun gyaran 2022, ga kora daga ƙasar a bayansa. Akwai ɗalibi ɗan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa mai suna Hamid Rehaif da jami'arsa a Florida ta sallama saboda faɗuwa jarabawa, bizarsa ta mutu, ya ci gaba da zama, ya je filin koyon harbi ya yi harbi. Aka gurfanar da shi aka ɗaure shi. Shari'arsa ta kai Kotun Ƙoli a 2019, inda aka ce dole masu gabatar da ƙara su tabbatar ya san izinin zamansa ya ƙare. Ya yi nasara a wannan gaɓar, amma bayan shekarun da ya ɓata tsakanin kotu da kurkuku, karatun da ya je yi kuma ya bi ruwa.

A nan gida kuwa lissafin gajere ne. Makamai na cikin jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka, don haka doka ɗaya ce daga Sakkwato har Kalaba. Dokar bindigogi ta 1959 ta raba su gida 3. Bindigar gargajiya irin ta mafarauta, lasisinta na hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Bindigar harbin tsuntsu da makamantanta, Sufeto Janar ke ba da izini. Fistol kuwa yana cikin haramtattu, jeri ɗaya da bindigogin soja, sai da lasisin shugaban ƙasa. Wanda aka kama da ita babu izini na fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, kuma babu inda dokar ta ce motarka ta zama gidanka don ka shimfiɗa katifa a baya. Ko a 2022 da gwamnatin Zamfara ta ce mutane su nemi bindiga su kare kansu daga 'yan bindiga, babban hafsan tsaron ƙasa ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Na san tsoron da ke kan hanyoyinmu, duk wanda ya bi hanyar Birnin Gwari ko ta Funtuwa zuwa Gusau ya san shi. Amma ɗalibin da aka samu da fistol a mota ko a ɗakin kwana, ba kora daga makaranta kaɗai ke jiran sa ba.

Na tambayi ɗan kawuna yadda ya ƙare da tafiyar California. Ya yi dariya ya ce da ya zauna ya jera dokokin jihohi huɗu a takarda, ya ga ga yara biyu masu taɓe-taɓe a cikin mota ɗaya da akwatin, sai ya kulle bindigar a gida ya tafi da tocila da makulli mai kyau. Sun yi kwana 9 sun dawo lafiya.

Na kai wa abokinmu duk wannan bayanin bayan lakcar Litinin, a gindin bishiyar da muke cin awara. Ya yi shiru, can ya ce, "To ai ni dama wasa nake yi." Na ce na sani, amma gara ka ji shi a nan kafin ka je ka ji shi a bakin alƙali.