Kada Ku Yar Da Tsohuwar Kujera

Jama'a manoma, in an gama girbi an kai amfani rumbu, akwai watanni masu yawa kafin ruwa ya sake sauka. Mai fadama ya koma lambu. Wanda ba shi da ita fa? Ko dai ya tafi cin rani, ko kuwa ya zauna yana cin abin da ya noma har ya ƙare tun ba a yi shuka ba. Saboda haka makon nan za mu yi magana a kan wata sana'ar rani wadda kayan aikinta daga gona da bakin kogi suke fitowa, watau saƙar mazaunin kujera da gado.

Bari mu ɗauki ƙasar Wudil misali. Garin yana kimanin kilomita 40 daga birnin Kano, a kan babbar hanyar Maiduguri. Ga kogi, ga gada, ga kuma kasuwar Juma'a wadda fatake ke zuwa daga nesa saboda shanu. Inda ruwa da hanya da kasuwa suka haɗu, mai aikin hannu ya sami wurin neman abinci.

Ku duba gidajenmu da makarantu da ofisoshi. Sau da yawa za ku ga kujerar katako an jingine ta a lungu, ƙafafunta lafiya lau, mazaunin kaɗai ya ɓurme. Sai a bar wa gara, a je a sayo ta roba. Ta roba tana da sauƙin kuɗi da sauƙin ɗauka, ba mu musa ba. Amma in rana ta dake ta sai ta yi ƙamas, ran da ƙafa ta karye kuwa ta gama aiki. Ta katako ana iya sake mata mazauni sau da yawa, uba ya zauna, ɗa ya gada. Kuɗin gyaran kuma a garinku zai tsaya.

Kayan saƙar da ke kusa da mu iri uku ne.

Na farko kaba, watau ganyen goriba tun tana ƙarama. Kowa ya san tabarma da faifai da igiyar kaba. A yanki ganyen da ya isa, a shanya, a tsage shi siri-siri. In za a tufka sai a yayyafa masa ruwa ya yi laushi, gama busasshiyar kaba karyewa take yi. Mai son ado ya dafa wani sashe da karan dafi, ya fito ja.

Na biyu rama. Wanda ke nufin igiya ya shuka ta kusa da kusa, don ta miƙe sama ba ta yi rassa ba. In ta fara fure sai a sare, a ɗaure dami-dami, a jiƙa cikin kududdufi mako ɗaya zuwa biyu har bawon ya saki. Sa'an nan a saɓule, a wanke, a shanya. Kada a jiƙa ta inda mutane ko dabbobi ke sha, don tana ɓata ruwa. Kada kuma a bar ta ta wuce lokaci, igiyar za ta yi rauni. Ganyen da aka tsinke kuwa na uwargida ne, ta yi kwaɗo.

Na uku zai ba ku mamaki, shi ne kacalla. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, kogin da ya bi ta Wudil ya daina ƙafewa da rani kamar da. Ruwan da ba ya yankewa shi kacalla ke so. Ta cika fadamun Haɗejiya da Nguru, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar jan baki masu cin hatsi. To, wannan ciyawa da muke kuka da ita, 'yar'uwarta ce mutanen Amurka suka daɗe suna saƙa mazaunin kujera da ganyenta. Su kan yanke shi in ya gama girma, su busar a inuwa, su jiƙa kaɗan kafin aiki. Saƙar kujera ba za ta ƙarar da kacalla ba, amma ko wane dami da aka yanke an rage wa kogi kaya, an kuma sami abin sayarwa.

Yanzu ga yadda a ke aikin. Da farko a yanke tsohuwar saƙa duka, a goge itacen. A duba ko gara ta shiga. In akwai ƙafar da ke girgiɗi a kai wa kafinta ya ɗaure ta tukuna, gama saƙa mai kyau a kan itace mai rawa aikin banza ne.

In da igiyar kaba ko ta rama za a yi, a fara jan igiyoyin tsaye daga sandar gaba zuwa ta baya, kusa da juna. Kada a ja su ƙam tun farko, don in an zo sa na kwance za su ƙara tsauri da kansu. Sa'an nan a bi da na kwance, a hau biyu a shiga ƙarƙashin biyu, kamar yadda masaƙi ke zuba abawa. Ko wane layi a matse shi jikin na baya da ɗan itace. Ƙulli duka a ɓoye shi a ƙasa, inda ba zai ci rigar mai zama ba. Haka kuma a ke saƙa gadon igiya, sai dai shi ya fi cin kaya.

In kacalla ce, a haɗa ganye biyu ko uku a riƙa murɗawa ana tafiya. A fara daga kusurwa ɗaya, a naɗe sandar gaba, a naɗe ta gefe, a wuce kusurwa ta biyu, haka har a zagayo. Ana zagayawa ramin tsakiya yana ƙanƙancewa har ya rufe. A riƙa cusa ragowar ganye tsakanin saƙar sama da ta ƙasa, don mazaunin ya cika ya yi ƙarko. A bar shi ya bushe sarai kafin a zauna.

Akwai kuma wata saƙa mai ƙananan tagogi, wadda a kan gani a kujerun tsofaffin ofisoshi. Ita da bawon wata itaciya mai yaɗo da ƙaya a ke yinta. Ba ta fitowa a ƙasarmu ta Arewa, sai a kurmin Kudu da ƙasashen Asiya irin su Indunusiya. Za ku gane irin wannan kujera da ƙananan hudoji jere a gefen mazauninta. A jiƙa bawon, a ja biyu tsaye, biyu kwance, biyu a karkace, gefen mai santsi yana sama. Wanda ya ƙware a igiya ba zai daɗe bai koyi wannan ba, masu irin kujerun nan kuwa suna neman mai gyara.

Saura magana mafi muhimmanci ga manomi. Ba saƙa in ba kaba, ba kaba in ba goriba. Kabar da a ke yanka kullum ba ta taɓa zama itaciya, balle ta yi 'ya'ya. Goriba kuma akwai namiji akwai mace, sai da duka biyu a ke samun ƙwallo. Saboda haka in kuna sharar gona kada ku tumɓuke kaba duka, kada kuma ku sa mata wuta. A ko wane kurmin kaba ku zaɓi tsiro ɗaya ko biyu masu ƙarfi ku bar su su tashi. In kuna yanka ku bar ganyen tsakiya. Mai son shukawa ya binne ƙwallon a inda ya ke so itaciyar ta tsaya, a kan iyakar gona, domin saiwarta ƙasa ta ke yi da nisa, ba ta son dashe. Ya yi haƙuri kuma, ta kan yi watanni kafin ta tsiro.

'Yan'uwanmu na jihar Maradi sun riga mu gane amfanin wannan. Can akwai kwarin da a ke kira Gulbin Kaba saboda yawanta. Tun daga 1983 manoman wajen suka fara barin tohon itatuwa ya girma cikin gonakinsu, abin da suke kira sassaben zamani, har dabarar ta bazu a kan miliyoyin kadada a Nijar. Ba tsiro suka saya ba, abin da ke gonar suka raya.

Daga ƙarshe, tsofaffin da suka iya tufka da saƙa suna raguwa. In akwai ɗaya a unguwarku, ku tura yaranku su zauna gabansa da ranin nan. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ku fara da kujerar gidanku. In ta yi kyau ku kai ta kasuwa ran Juma'a, mutane su gani da idonsu. Allah ya sa albarka.